“To” Ɗin Dattijon Argungu

Shekarar da muka fara duba mota da na'ura a garejinmu na unguwar Badariya a Birnin Kebbi, kaina ya kumbura. Karatuna bai yi nisa ba, amma ni aka koya wa aikin: in jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari, in zagaya mota ina ɗaukar hoton duk abin da ya lalace, in tura wa mai ita a waya. Abin da ya amince a gyara, wanda ya ƙi a bari. Maigidanmu ya ce ko noti ba a kwancewa sai mai mota ya amsa.

Akwai wani dattijo manomin albasa daga Argungu da ya saba kawo mana tsohuwar a-kori-kurarsa. Ran nan ya bar ta saboda birki, ya hau motar haya ya koma gida. Na tura masa hoton birkin, ya kira ni da kansa ya ce a gyara. Sai idona ya kai kan kujerar gaba, ta fasinja da ke kusa da direba. Soson ya mutu, tsakiyarta ta lotsa, an rufe ta da wani tsohon zanen atamfa da aka ɗinke da hannu. Na ɗauki hotonta, na rubuta masa cewa ita ma tana son sabon soso da sabuwar riga.

Sai bayan la'asar amsa ta zo, kalma ɗaya tak: “To.”

Ni Bahaushe ne, a gidan Bahaushe na tashi. Na san in mahaifina ya ce “to” ya ja ta, ba yarda ya yi ba, ya dai ji ne, yana nauyin cewa a'a. A rubuce kuwa ba a jin jan murya. Ya kamata in kira, ban kira ba, don ina ɗokin in ga kowane hoto ya samu alamar an gama. Na kwance kujerar na kai wa mai ɗinkin kujeru da ke bayan garejinmu.

Washegari da hantsi dattijon ya iso yana murmushi.

“Injiniya, an raya ta ko an ƙarasa ta?”

“Baba, yau ko amarya aka ba ka, ka ɗauko ta cikin wagga mota.”

Na buɗe masa ƙofar ina jiran yabo. Ya aza tafin hannunsa kan sabuwar kujerar, ya danna, soson ya turo hannun.

“Ina zanen?”

“Ai kun ce to, Baba.”

“Na ce, ɗana. Hoton na tsaya kallo, na rasa abin rubutawa.”

A tsaye ya gaya mini. Hajiyarsa ta rasu da daminar bara. Wurinta ne nan, a kai ta yi ta zirga-zirgar asibiti tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Ita ta ɗinka zanen, wai ƙarfe na cin ta.

“In na ɗauko albasa ni kaɗai,” in ji shi, “nan nike aza hannu.”

Bai yi mini faɗa ba. Har cewa ya yi aiki ya yi kyau. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na roƙe shi ya zauna a benci, na ruga wurin mai ɗinki.

“Kai, makanike sarkin gaggawa!” in ji shi. “Jiya ka ce in zubar, yau kuma mi?”

“Don Allah bar wasa. Ina tsohon soson?”

Yana kan bola, akuya ta gutsure gefe ɗaya. Zanen kuwa ya rufe keken ɗinkinsa da shi. Da na faɗa masa dalili, bai sake tsokanata ba. Ya jawo almakashi ya farke sabon ɗinkin da ya yi da hannunsa. Muka karkaɗe soson, muka mayar, shi yana ja ni ina riƙewa. Ya ɗauko zanen, ya bi sawun tsohon zaren ya ɗinke shi da allura, bai sa a keke ba.

Sai bayan azahar na ɗaura kujerar. Da na duba, lotsawar ba ta koma daidai inda take ba. Wannan karon ban ɓoye ba.

“Baba, ta ɗan matsa wajen ƙofa. Ku yafe mini.”

Ya shiga ya zauna bayan sitiyari. Ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya lalubo, ya ƙara miƙawa kaɗan, hannun ya faɗa cikin ramin.

“Ta matsa,” ya ce. “Hajiya ma haka take. In na ɗauko zancen kuɗin taki, can jikin ƙofa take komawa.”

Ya yi dariya, ya goge ido da hannun rigarsa. Sannan ya tada mota, ya fita gareji a hankali, hannu ɗaya a kan sitiyari.