Ranar da gwangwanayen fentina suka kusa kashe ni

Shekarun baya, lokacin da aka katse layukan waya a Maiduguri, ina da ɗan shagon zane a Bolori. Fenti da burushi ne sana'ata, ina kuma ji da kaina. Abokina mai shagon kwamfuta a Mairi kullum sai ya ce in zo in koyi zane a na'ura, ni kuma in ce masa zanen da bai ɓata wa mutum riga ba wasan yara ne.

Akwai wata tsohuwar maƙwabciyarmu, 'yar kudancin Borno, tana koyarwa a makarantar coci. Ɗanta ya fita kasuwa wata safiya bai dawo ba. Hotonsa ɗaya ya rage mata, shi ma ruwa ya cinye rabin fuskar.

"Ɗana, kai ka san shi," ta ce. "Zana mini shi yadda yake, in riƙa nuna wa mutane."

Na zana. Bai gama bushewa ba na ɗauko, don na san a ƙage take. Na zuba gwangwanayen fenti da kwalbar kananzir na wanke burushi a buhu, ko za ta ce a gyara wani wuri, na hau keke napep zuwa Old Maiduguri inda ta koma.

A shingen bincike aka sauke mu, kowa hannu sama. Wani jami'i ya zunguri buhun da ƙafa, gwangwanayen suka yi ƙara. Ya ja da baya.

"Na wane ne wannan?"

Kafin in buɗe baki, waɗanda muka hau tare sun dare, sun bar ni ni kaɗai a tsakiyar titi. Ban ga laifinsu ba. A lokacin gwangwani a buhu ba abin wasa ba ne, don da irinsa ake haɗa bam, ga kuma warin kananzir.

"Fenti ne, ranka ya daɗe."

"Ajiye abin da ke hannunka. Durƙusa ka buɗe da kanka."

Na saki zanen, ya kife a kan yashi. Murfin farko ya ƙi buɗuwa, fenti ya bushe a bakinsa. Sabo ya sa na kai hannu aljihu in ɗauko sukundireban da nake ɓamɓare murfi da shi. Sai na ji an ɗana bindiga. Ba ɗaya ba.

Wani dattijo daga gefe ya ce mini da Kanuri, a hankali kamar yana lallashin jariri, "Ɗana, fito da hannun. Kada ka yi sauri."

Na fito da shi ba komai. Da farce na ɓamɓare murfin har jini ya fito, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci. Murfin ya yi tsalle, shuɗin fenti ya malale a kwalta. Ba wanda ya yi dariya. Sai da na buɗe sauran duka kafin aka ce in kwashe in ɓace.

Da na isa wurin uwar, yashi ya manne a fuskar yaron, ido ɗaya ya shafe. Ta daɗe tana kallo.

"Ba komai, ba ni a haka. Amma in na bar shi a asibiti, me zan kai tasha?"

Na roƙe ta ta ara mini zanen. Washegari na tafi Mairi kaina a ƙasa. Abokina kujera kawai ya turo mini. Ya ɗauki hoton zanen ya sa a kwamfuta, na kama linzamin kwamfutar kamar mai koyon rubutu da hagu. Na ɓata hancin ya fi a ƙirga, shi kuma ya danna wani wuri hancin ya dawo. Da janareta muka gama, firinta ta yi ta fito da fuskar yaron.

Uwar ta raba takardun a tashoshi da asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira. Watanni suka shuɗe. Wata mai dafa abinci a wani sansani ce ta gane shi. Yana raye, ya rame, ba ya son magana. Da ya ga takardar ya ce mini, "Yaya, ka ƙara mini kumatu." Uwar ta yi dariya, ta ɓuge da kuka.

Yanzu a na'ura nake zane, ina bugawa a takarda da riguna. Masu yi mini kirarin mai hangen nesa ba su san tsoro ne ya kai ni ba. A da burina a tsaya gaban aikina a ce ba irinsa. Matar nan kuwa so take a sami irinsa a kowane bango a garin nan, kuma ita ce da gaskiya.