Mai Sarewa a Bayan Damagum

Shekarar da na gama difloma ban samu aiki ba, sai yayana ya zaunar da ni a shagonsa na buga takardu da ke bakin babban titi a Potiskum. Kwana shida ina gaban kwamfuta, ina buga wa mutane takardar neman aiki da katin biki. Lahadi ce kawai tawa. Ba na buga ƙwallo, zaman majalisa ma bai dame ni ba. Ni dai a bar ni da waƙa, a kuma sa ni a mota.

Ina da wani aboki Babarbare tun muna firamare, yana tuƙa bas ɗin kawunsa tsakanin Potiskum da Damaturu. Duk Lahadi sai in je tasha in shige gaba kusa da shi, ni ne mai zaɓen waƙa. Memori uku nake yawo da su a kwalin ashana. Ɗaya na waƙoƙin Hausa na zamani, ɗaya na Sudan da Indiya, na ukun kuwa gangar Barebari ce da algaita da na ɗauko da wayata a wuraren biki. Babu abin da nake zuwa yi Damaturu. Mu je, mu ci shinkafa da wake a tasha, mu dawo. A hankali na iya fasinja. In 'yan biki ne suka cika motar, ganga nake sa musu, su yi ta guɗa har a manta da ramukan hanya. In na ga rawuna sun yi yawa sai in rage murya.

Wata Lahadi da kaka, gero ya nuna, aka sa wani dattijo Bafulatani a gaba tare da ni saboda ciwon gwiwa. Na san fuskarsa, dillalin shanu ne a kara, ya daɗe da zama cikin gari. Zai je duba 'yarsa da ta haihu. Na sa wata waƙar Sudan a hankali, ya saurara har ta ƙare, sannan ya juyo.

"Ɗana, a cikin kayan nan naka akwai sarewa?"

"Babu, Baffa. Akwai algaita."

"Algaita ta gari ce," in ji shi.

Muka ci gaba da tafiya har muka wuce Damagum. Ya nuna arewa da sandarsa ta taga, ya ce can ciki akwai wata ruga, a nan ɗan ƙanen mahaifinsa yake. Tare suka yi kiwo tun suna yara. Ya ce in mutumin nan ya busa sarewa, saniya takan bar ciyawa ta ɗago kai.

"Ba kwa waya da shi, Baffa?"

"Muna yi. Da salla."

"Ai sai ka ce ya busa maka ta waya."

Ya yi dariya, ya rufe baki da gefen rawaninsa. "Ni da furfurata, na je Makka na dawo, in kira ƙanena in ce ya yi mini busa?"

Da ya sauka a Damaturu, abokina ya dube ni ya ce, "Mutumina, ka gane an aike ka ko?" Na ce ni ban ji aike ba. Ya ce Bafulatani ba ya kwatanta maka hanyar ruga har da bishiyar da za ka juya don ya ji daɗin bakinsa kawai.

Lahadin da ta biyo na sauka a Damagum. Na samu mai mashin da ke mayar da masu tallar nono, na faɗa masa kwatancen, ya ce ya san wurin. Muka bi ta cikin gonaki, karan gero yana dukan gwiwata, muka juya a wata babbar tsamiya kamar yadda Baffa ya ce. Bukkoki biyar ne ko shida. Na tarar da mutumin a inuwa yana tufka igiya, siriri ne, ya fi Baffa duhu. Hausarsa ba ta da yawa, ni kuma Fulatancina bai wuce gaisuwa ba. Da na ambaci yayansa na Potiskum sai ya ajiye igiyar, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kindirmo a ƙwarya.

Na rasa yadda zan fara. Ƙarshe na ce ni mai son waƙa ne, ina tara kaɗe-kaɗe a waya, kuma na ji labarinsa. Bai tambaye ni wanda ya ba ni labarin ba. Ya ce ya daɗe bai busa ba, tunda 'ya'yansa suka karɓi kiwon, su kuma wayoyinsu ne ke musu kiɗa a daji. Can ya miƙe ya shiga bukka, ya zaro sarewar daga jinka. Ta yi baƙi don tsufa, an ɗaure wani wuri da ya tsage da zare. Ya hura ƙurar ciki, ya ɗan jiƙa ta da ruwa.

Bai fuskance ni ba. Ya juya wajen 'yan maruƙan da ke ɗaure, ya fara. Da farko iska ce ta fi yawa, sautin yana tsinkewa. Daga baya ta kama. Sauti ne siriri mai hawa a hankali, ya tsaya a sama kamar zai faɗi, sai ya gangaro. Na saba da waƙar da ake kaɗa kai a kanta, wannan kuwa babu inda zan kaɗa kai. Na riƙe wayar dai har hannuna ya gaji. Matar da ke daka a bayan bukka ta dakata, ta ci gaba, ta sake dakatawa. Da ya gama ya goge sarewar da rigarsa, ya ce in gaida mutanen gari.

A hanyar komawa na saurari abin da na ɗauka, raina bai so ba. Ga kukan maraƙi, ga taɓarya, ga wata kaza da ta ƙi yin shiru. Na yi niyyar in gyara a kwamfuta, abokina ya ce in bar shi haka.

Ranar Talata bayan la'asar na je gidan Baffa. Yana zaure ya miƙe ƙafa a kan buzu. Muka gaisa, na ce na je yawo wajen Damagum, na samo wani abu. Ya karɓi wayar ya kara a kunne, ya sunkuyar da kai. Bai motsa ba har ta ƙare.

"Numfashinsa ya ragu," ya ce. Sai kuma ya ce, "Wannan ta kai shanu ruwa ce. Da rana tsaka muke yin ta." Ya miƙo mini wayar. "Sake sawa."

Sau uku muka ji. A na ukun ya tambaye ni ko maruƙa nawa na gani, da kuma ko tsamiyar tana nan. Na tura masa a ƙaramar wayarsa, na nuna masa inda zai danna.

Bayan mako biyu na iso tasha na same shi zaune a gaban motarmu, da ƙullin goro da sukari da yadin shadda a cinyarsa. Ya ce zai je ganin wasu shanu a Damagum, ko zan raka shi. Da ƙyar muka ɗora shi a mashin saboda gwiwar.

Da muka isa, ƙanen ya taso ya durƙusa, Baffa ya kama hannunsa ya ɗaga shi. Suka zauna a tabarma ɗaya, kowa yana kallon gabansa, suka yi ta gaisuwa cikin Fulatanci. Abin da na tsinta kaɗan ne: ruwan bana, wata saniya da ta mutu, sunayen mutanen da ban sani ba. Babu wanda ya ambaci sarewa, ba a kuma fito da ita ba. Aka yanka mana zabo, muka yi azahar a gindin bishiya, ƙanen ya matsa wa Baffa ya ja mu salla.

Da za mu tafi, Baffa ya ce shi zai kwana biyu, in gaya wa iyalinsa. Na hau mashin ni kaɗai. Na isa bakin titi na tarar abokina ya dawo daga Damaturu, ya tsaya da fasinjoji cike da mota yana jira na, wata tsohuwa a baya tana ta yi masa faɗa.