Zare da Dutse Sun Wanke Kyaurena a Injamena

Mun tashi da asuba daga Maiduguri, ni da mai waldana, raina a ɓace. Wani Alhaji ɗan Injamena mazaunin Makka ya sa na haɗa masa babban kyauren ƙarfe na sabon gidansa, da alkawarin tagogin ma ni zan yi. Sai ƙaninsa ya tura masa hoto: kyauren ya yi ciki kamar randa, ginshiƙan sun lanƙwashe. Alhaji ya ce a dakata da tagogi. Shekara ashirin ina harkar ƙarfe, ba a taɓa cewa kayana a karkace suke ba.

Hanyar Dikwa zuwa Gamboru ta girgiza mu har kunun safe ya narke. Muka kwana a Kusuri, washegari muka haye gada zuwa Injamena. Ɗan kilando, wato ɗan acaɓarsu, da ya ji Hausar Najeriya sai ya ninka kuɗi. Na ce masa ni ma kasuwa ce ta raine ni, ya yi dariya ya rage. A unguwar Bololo muka ci kisar, wata siririyar waina mai faɗi, da miyar kuɓewa, muka kora da jan shayi mai sukari kamar an yi ɓari.

A unguwar Butalbagar, inda gidan Alhaji yake, na tarar da kyaurena tsaye ƙyam. Ashe lungun ne matsattse. Ƙanin ya rasa wurin ja da baya, sai ya danna 0.5 a kyamarar wayarsa don kyauren ya shiga gaba ɗaya. Wani mai hoto a unguwar Ambasatna, Bahaushe haifaffen garin, ya ce min wannan ido mai faɗi haka yake, ya kumbura tsakiya, ya lanƙwasa layukan gefe. Ya sa hoton a kwamfuta, ya ja ma'auni kaɗan, ginshiƙan suka miƙe.

Na tura wa Alhaji. Amsarsa: "Malam, kwamfuta ai ko raƙumi ka ba ta, sai ta shafe masa tozo."

Da gaskiyarsa, ni ma da haka zan ce. Na koma lungun, na ɗaure dutse a zare na rataya a jikin ginshiƙi. Na sa ƙanin ya tsaya inda ya tsaya da farko, ya ɗauki hoton yadda ya ɗauka. Zaren ya fito a lanƙwashe daidai da ƙarfen. Mai hoto ya gyara, suka miƙe tare. Na tura duka biyun, na rubuta: "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin zare mai dutse ya yi doro?"

Bayan la'asar ya kira yana dariya. "Ka ci ni. Auna tagogin kafin ka tafi."

Mun dawo gida da awon taga goma sha huɗu. Abin da na koyo: gyaran hoto ba ha'inci ba ne idan abin da ido ya gani yake maidowa, amma mai saye sai da shaida. Yanzu duk kyauren da zan ɗauki hotonsa, sai na fara rataya masa zarensa.