Ƙauri a Tsakiyar Waƙa

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin. Yaro da babba Lamba Ɗaya suke ce masa, shi kuma yana amsawa ba tare da ya ɗaga kai daga guga ba. Shagonsa ɗakin ƙofar gidansa ne: teburi da tsohon bargo a kai, dutsen guga na gawayi, igiyar da riguna ke reto, sai wata kanta can sama inda rediyo da rikoda suke zaune. Wannan kantar ko ƙura ba ta isa ta hau ba.

Laƙabin ya samo asali ne daga wani shirin rediyo na yammacin Asabar, tun yana da ƙuruciyarsa. A shirin ake jero waƙoƙi goma da suka fi tashe a mako, a faro daga ta goma a gangaro har ta ɗaya. In lokacin ya yi, rigar ko wane ne sai ta jira. Maƙwabta su cika bakin shagon ana musu a kan wadda za ta hau da wadda za ta faɗo, mai guga kuwa a kullum shi ke rantsuwa ya san wadda za ta zo lamba ɗaya. Sau da yawa yana faɗuwa, amma sunan ya riga ya zauna.

Ɗaukar waƙa a wancan zamanin ba wasa ba ne. Sai ya kara rikoda a bakin rediyo, ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ya zare wa kowa ido. Duk motsin da aka yi a ɗakin sai ya shiga kaset. Ga mai gabatar da shirin da shegen surutu, ba ya barin waƙa ta fara sai ya tsoma baki.

Akwai wata waƙa da ta shiga ransa, ta wani saurayi da ke jiran mota a tasha. Ta yi makonni tana rarrafe daga ƙasa. Ranar da ta kai ƙoli ya sayi sabon kaset da sabon batir, ya kori kowa, ya danna maɓalli daidai. Mai surutun ma ranar ya yi shiru. Waƙa ta kai tsakiya, ganga na shirin shigowa, sai matarsa ta banko ƙofar cikin gida.

"Malam, ƙauri! Rigar mutane!"

Ashe ya bar dutsen a kan farar rigar wani malamin makaranta. Da ta ga yadda ya daka tsalle, hannu ɗaya na neman dutse ɗaya na kare rikoda, sai ta tuntsire da dariya. Duk ya shiga kaset.

Ya haɗe rai kwana da kwanaki, kuma ba don rigar ba. Ita ko a jikinta. Mako na zagayowa waƙar ta faɗo, ba ta sake hawa ba. Daga baya shirin kansa ya mutu, masu tallan magani suka gaje lokacinsa. Kaset ɗin nan kaɗai ya rage masa, dole ya riƙa saurarensa haka nan. 'Ya'yansa da shi suka tashi, har suka ɗauka ihun uwarsu baiti ne a cikin waƙar. In an zo wurin sai su haɗa baki su rera, "Rigar mutane!" shi kuma ya yi kamar zai kai musu duka.

Bayan rasuwarta ne ya gane abin da ke hannunsa. Hotunanta suna nan, zannuwanta suna cikin akwati, amma muryarta babu ita a ko'ina sai a wannan ɗan tsakanin. Mutumin da a da yake tura kaset gaba don ya tsallake wurin, sai ga shi yana mayar da shi baya. Ya ji, ya mayar, ya sake ji. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don kunya yake ji a ce tsoho da shi yana kewar mace haka.

Wata safiya rikodar ta cinye zaren kaset ɗin. Ya zaro shi a hankali da biro, ya nufi shagon Injiniya, tsohon abokinsa mai gyaran rediyo wanda yanzu ya koma gyaran waya. Injiniya ya ɗaga zaren ya duba a haske.

"Lamba Ɗaya, ai nan wurin ya riga ya mutu. Dubi yadda ya sirance, kamar fatar albasa. Me kake ta nema a nan?"

"Kai dai gyara."

"Sai dai in yanke in haɗa. Ɗan kaɗan ne, waƙarka ba za ta ji ciwo ba."

Ya dubi zaren da ya dagargaje, ya ga babu abin da zai dawo da shi. Aka yanke, aka liƙa. Da aka kunna, waƙar ta yi tsalle daga baiti zuwa ganga. Injiniya har yana yaba aikinsa, wai ga hayaniyar nan ma ta tafi.

Tun daga ranar kantar ta yi shiru. Yana guga yana neman muryar a kansa, wani lokaci ta zo, wani lokaci kalmomin kawai yake samu babu sautin. Wannan ya fi komai ba shi tsoro.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta ji labari a gidan mijinta. Ran Asabar sai ga ta da waya a hannu tana murna.

"Baba, na samo maka ita! Tas, ba ƙara ba komai."

"Allah ya yi miki albarka," ya ce, don bai san yadda zai gaya mata ba waƙar yake nema ba.

Ta jingina wayar a kan kanta, ta juya tana ninke kayan da ya gama. Shi kuma ya shimfiɗa riga ya ɗora dutse. Waƙar ta zo tsakiya. A karo na farko ya ji abin da mawaƙin ke faɗa a wurin da muryarta ta rufe shekara da shekaru, ashe ba wata magana ba ce, kukan rashin mota ne kawai. Ya tsaya cak yana jiran ƙofa ta buɗe.

"Baba, ƙauri! Rigar mutane!"

Ya fizge dutsen. Tambarinsa ya fito ja a bayan rigar. Auta ta dafe baki, don sai da maganar ta fita ta ji da muryar wa ta faɗe ta. Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke farawa daga hanci, hawaye na bin ta. Dariyar uwarta ce sak.

Tsohon ya jingine dutsen, ya daɗe yana kallon rigar da ya ƙona. Sannan ya goge ido da bayan hannu.

"Kin ɗan makara," ya ce. "Ita kafin ganga take shigowa. Mayar da waƙar baya."