Yadda Zulkifilu Ya Koyi Gyara wa Manya

Zulkifilu ɗan Kwali ne, kuma a gidansu ba a gyara wa babba magana. Idan mahaifinsa ya ce yau Laraba alhali Alhamis ce, gidan gaba ɗaya a Laraba zai wuni. Da wannan tarbiyya ya je makarantar tuƙin jirgin sama, ya fito da lasisi, ya samu kujerar mataimakin matuƙi a wani ƙaramin kamfani da ke kwasar manyan mutane daga Abuja zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya. Kujerar dama tasa ce. Ta hagu ta Kyaftin Maharazu ce, dattijon da ya fara hawa sama tun Zulkifilu yana rarrafe.

Aikin ba tabbas. Sai an yi aure ko an mutu ake tashi, matuƙin da ya daɗe a ƙasa kuma ba mai waiwayarsa. Don haka ya nemi wani babban kamfani a ɓoye, aka kira shi intabiyu.

Aka saka shi a na'urar gwaji, wani akwati mai kwaikwayon jirgi, tare da Kyaftin Miriam, wadda ke tantance masu neman aikin. Da gangan ta riƙa yin ƙasa fiye da ƙima, don ta ga abin da zai yi. Ya gani sarai. Ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, ba wai ina ja da ke ba ne, amma da za a ɗan duba..."

Bai kai ƙarshe ba na'urar ta ɗauki kuka. Sun daki dutse.

"Ka ga muna yin ƙasa?" in ji ta.

"Tun ɗazu na gani."

"To me ka tsaya yi?"

"Ina neman yadda zan faɗa ne."

"Jirgi guda na mutane ya ƙone kana gaishe ni. Ka je ka koyi buɗe baki, ka dawo baɗi."

Ya ɗauki maganar da gaske, wanda shi ne kuskurensa. Matarsa Luba, mai shagon atamfa a kasuwar Wuse, ita ta zama malamarsa. Takan zabga gishiri a miya da gangan ta zuba masa ido.

"Baban Kauthar, yaya miyar?"

"Ai ba laifi."

"Shi ke nan, mun faɗo. Allah Ya jiƙan fasinja. Sake."

Daga miya ya koma kan direbobin bas na Nyanya. "Gudu ya yi yawa. Rage." Wani ya rage, wani ya zage shi, wani ya tsaya ya sauke shi a bakin titi ya ce ya jira jirgin ubansa. A hankali bakin ya buɗe.

Da damina, wata rana da la'asar suna dawowa Abuja cikin ruwa, iska ta ture jirgin daga saitin titin sauka, Kyaftin Maharazu kuma ya ci gaba da saukowa.

"Kyaftin, mun kauce. Fasa sauka," in ji Zulkifilu.

Kyaftin ya ci gaba da saukowa.

"Fasa sauka. Tashi."

Dattijon ya ɗaga jirgin, suka kewayo, suka sauka lafiya. Manyan da ke baya ba su san komai ba, illa ɗaya da ya yi ƙorafin an ɓata masa lokaci. Sai a wurin ajiye motoci Kyaftin ya yi magana.

"Yaro, a gidanku haka ake yi wa manya?"

"Oga, ƙa'idar aiki ce."

"Na ji. Ka gaida gida."

Ba a kore shi ba. Mu nan ba ma korar mutum, rashin kunya ne. An daina kiransa ne kawai idan za a tashi.

Ya koma babban kamfanin da kujera ɗaya tak a gabansa, tunda ta ƙaramin kamfanin ta tafi. Kyaftin Miriam ta bar ƙasar, kamar yadda masu irin halinta suka saba. Dattawa uku ya tarar. Suka yi masa tambayar da ake yi wa kowane matuƙi: ya ba su labarin ranar da ya gyara wa na gaba da shi. Ya shekara yana shirin wannan tambaya, kuma amsarsa ba ƙirƙira ba ce. Ya ba da labarin tsaf, bai ambaci suna ba. Ba a ma buƙata. Matuƙan ƙasar nan ba su kai taron suna ɗaya ba, kowa ya san matar kowa.

Na tsakiya ya cire tabarau. "Ashe kai ne. Ajinmu ɗaya da Maharazu."

"Ranka ya daɗe, jirgin ya kauce."

"Ba wanda ya ce bai kauce ba. Amma akwai yadda ake faɗa."

"Yaya ake faɗa?"

"Da ladabi."

"Bara a ginin nan na faɗa da ladabi, aka ce na ƙona fasinja."

Dattijon ya dubi na kusa da shi. "Ka ji irin abin da ake faɗa, ko?"

Suka yi masa godiya, suka ce zai ji daga gare su. Bai ji ba.

Yanzu Zulkifilu yana shagon Luba, yana ware atamfa yana ninkewa. Idan hajiya ta ɗauki zanen da bai karɓe ta ba, yakan gaya mata kai tsaye, Luba ta harare shi, don halin ya riga ya zauna kuma ita ta dasa shi. Lasisinsa yana nan, yana tsufa a hankali.

Kyaftin Maharazu ya samu sabon mataimaki. Kowa a kamfanin yabonsa yake yi. An ce ɗan mutunci ne, ko tari zai yi sai ya nemi izini. Har yanzu suna kai manya ɗaurin aure, damina kuma ta sake kamawa.