Trefor A'a da Motar Nantgaled

A Nantgaled ba mai kiran Trefor Bebb da sunan mahaifinsa. Trefor A'a ake ce masa, tun lokacin da aka kaɗa ƙuri'a a kan ko yankinmu na Wales zai samu tasa majalisar a Cardiff, ban da babbar majalisa ta Landan. Duk sanda aka tambaya, a'a ya ce, kuma bai yi a ɓoye ba, takarda ya manna a tagarsa a layin da kowane gida ke cewa i. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaga dutsen rufi, wanda ake rufa gidaje da shi, a mahaƙar da ke saman gari, ya kuma daɗe yana wakiltar ma'aikata a ƙungiya. A can ya koyi abu ɗaya ya riƙe shi har furfura: in kana da kuka ka kai wa mai kamfani, kada ka ɓata yawunka a kan ɗan aikensa. A wurinsa Landan ce mai kamfani. Majalisar Cardiff kuwa, wadda muke kira Senedd, cewa yake rumfar hira ce da aka yi wa bangon gilashi.

Matarsa Nesta i ta jefa, kuma ba ta taɓa barinsa ya manta ba. In ya fara sababinsa a kan tebur sai ta tura masa burodin zabibi ta ce, "Ci, Tref. Bakin nan in bai samu aiki ba sai ya nemo." Haka suka tsufa, yana faɗa tana dariya, ba ɗa ba jika.

Sai ciwon mantuwa ya kama ta. Turanci ne ya fara zubewa, kamar yadda yake yi wa tsofaffinmu da yawa, ya bar ta da harshen da ta sha a nono kaɗai. Da ta fara barin murhu a kunne tana fita neman mahaifiyarta a titi, aka samo mata gado a gidan kula da tsofaffi a garin bakin teku, can bayan dutse. Ma'aikatan mutanen kirki ne, wannan kam ba a ɗauke musu ba, amma yawancinsu daga nesa suka zo neman abinci, ba su jin harshen Wales. Idanun Trefor sun riga sun hana shi tuƙi. Saboda haka kullum da hantsi yakan hau ƙaramar bas ɗin da ke tsallake dutsen, ya zauna gefen gadonta, ya zama bakinta. Shayin ya yi zafi. Ƙafarta ta hagu ce ke ciwo, ba ta dama ba. Ba ta son a rufe labule. Ta manta sunan garinsu, ta manta shekarunta, amma da ya leƙo sai ta ce, "Ka makara, Tref." Likita ya faɗa masa ƙarara cewa abin da take gani kullum shi kaɗai ne zai zauna mata.

Da kaka aka manna sanarwa a tashar bas. Bas ɗin ba ta biyan kanta, tallafin ƙaramar hukuma ne ke riƙe da ita, ita kuma hukumar ta ce abin da gwamnatin Cardiff ke ba ta bana ba zai isa kowace hanya ba. Za a yanke wasu. An bai wa jama'a lokaci su faɗi ra'ayinsu kafin a yanke shawara, ƙauyen da ya fi nuna buƙata shi zai tsira.

'Yar majalisar Senedd ta yankin, Gwenno Tudur, ta aiko cewa za ta zauna a ɗakin bayan coci ta saurari mutane, ta taimaka musu su shigar da kukansu inda ya dace. Maƙwabciyarsa Olwen, wadda ke aiki a kantin magani, ta tare shi a bakin katanga.

"Kawu Trefor, gobe fa za ka zo. Kai ne ka fi kowa hawa motar nan."

"Wurin wa? 'Yar Tudur mai gyaran takalma? Ni na ɗauke ta a kafaɗa ranar bikin gari tana kuka da majina."

"To ai ta share majinar. Yanzu ita ke tashi ta yi wa minista tambaya."

"Ministan wasan yara. Ke dai bar mini wannan."

Da a kan kansa kaɗai ya tsaya, da sauƙi. Amma Trefor mutum ne da aka saba bi. Tsofaffin da ke hawa bas ɗin tare da shi matan abokan aikinsa ne, sun ga yadda ya tsaya wa mazajensu a gaban manaja. Ya bi su gida gida ya ce kada su wahalar da gwiwoyinsu, shi zai kai maganar inda ake yanke ta. Suka yarda da shi. Ranar da Gwenno ta zo, ta jera kujeru ta dafa shayi, Olwen ce kawai ta halarta, sai wani mai kiwon tumaki da ya zo kan wata magana daban.

Shi kuwa ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza ya tafi ofishin ɗan majalisar da ke wakiltarsu a Landan. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi har ƙarshe.

"Mista Bebb, da fanshonka ne, ko 'yan sanda, ko soja, da aikina ne. Amma bas, asibiti, makaranta, gona, duk an miƙa wa Cardiff tun tuni. Ko na miƙe a zaurenmu na yi magana, ba ministan da zai amsa, don ba a hannunsa take ba."

"Wa ke bai wa Cardiff kuɗin?"

"Mafi yawa daga wurinmu ne."

"To ka gani."

"Amma in mun bayar, su ke raba shi. Ka je wurin 'yar majalisarka ta Senedd, ka kuma shigar da ra'ayinka a ƙaramar hukuma kafin a rufe. Yau ma in da hali."

Trefor ya fito yana murmushi. A ƙungiya ya koyi cewa a'ar farko ta manaja ba a'a ba ce, gwaji ne a ga ko za ka gaji. Ya koma, ya sake komawa. Kullum amsar ɗaya ce, kullum shi kuma yana jin ya kusa. Ni har yau in na tuna raina yakan ɓaci, don ba wanda ya yaudare shi, gaskiya aka yi ta faɗa masa a fuska. Yana cikin wannan sintiri lokacin jin ra'ayi ya cika. Mutanen ƙauyen da ke gaba da mu sun cika ɗakin taro maƙil, 'yar majalisarsu ta ɗauki maganar har zauren Senedd, tasu motar ta tsira. Daga Nantgaled kusan ba a ji komai ba, sai aka ɗauka ba mu damu ba.

Bayan sabuwar shekara bas ta daina zuwa. Olwen takan kai shi ranar hutunta, sauran ranakun yana zaune yana kallon hanya. Waya ba ta da amfani, Nesta takan riƙe ta ta juya ta ajiye. Da ya je ranar hutun Olwen ya tarar ta daɗe tana dubansa kafin sunan ya zo mata, tsoro ya shige shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙarƙashin dutse. Washegari ya ɗaura takalmansa na aiki ya kama tsohuwar hanyar mahaƙa da ƙafa, wadda yake bi yana saurayi. Ruwa ya kwana yana zuba, dutsen rufi kuma in ya jiƙe santsi gare shi. Mai kiwon tumaki ne ya tsince shi da la'asar, ƙashin ƙugunsa ya karye.

Asibitin da aka kai shi yana wani gari daban, nesa da bakin teku. Aka yi masa aiki, ciwon ya ruɓa, aka sake buɗewa. Sanyi ya ƙare yana kwance. Olwen ta je wurin Nesta ta faɗa mata da harshen gida cewa Tref ya faɗi amma yana samun sauƙi. Nesta ta yi kuka, ta share ido, kafin a kawo abincin rana ta manta. Ma'aikatan ma suna faɗa mata kullum, da Turanci, tana gyaɗa musu kai don ladabi.

Olwen ce ta kawo masa Gwenno Tudur har gefen gado. Trefor ya juya fuskarsa bango, sannan ya ce, "Me ake yi?" Gwenno ba ta tona abin da ya wuce ba.

"Kawu, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ba gwamnati ba ce. Mu a Senedd doka muke yi, mu amince da kasafi, mu tsare ministoci da tambaya. Su ke aiwatarwa. Minista ma ba zai iya umurtar ƙaramar hukuma ta dawo da mota ɗaya ba. Amma akwai kwamitin koke. Ba sa karɓar kuka a kan bas guda, sai mu rubuta a kan motocin karkara gaba ɗaya da masu jinyar da ke dogara da su."

"Zai ɗau lokaci?"

"Zai ɗauka."

Matan da ya hana zuwa taro su ne suka bi kasuwa da ƙofar coci suna neman a sa hannu a kan koken, ba wadda ta ce masa uffan. Wannan ya fi masa zafi a kan zagi. Da bazara kwamitin ya zauna, Olwen ta jingina masa wayarta a jikin tulun ruwa ya kalla daga gado. Mutane kaɗan ne a kewayen tebur, ɗaya na magana da harshen gida, ɗaya na amsawa da Turanci, mai fassara na bi. Aka ambaci Nantgaled. Aka ambaci wani dattijo da matarsa, ba suna. Wani daga jam'iyyar adawa ya ce abin kunya ne, wata ta ce ta san irin haka a mazaɓarta. Suka amince za su rubuta wa minista, su kuma nemi a duba tallafin a kasafi mai zuwa. Sannan suka wuce zuwa koke na gaba, a kan wata gada.

"Shi ke nan?" in ji Trefor.

"Shi ke nan na yau," in ji Olwen. "Ana sa ran badi."

Ya rufe ido. Abin da ya fi ci masa rai shi ne abin yana aiki. A hankali ne, amma ƙofa ce ta gaske, kuma a buɗe take tun kaka lokacin da ya bi ta gabanta sanye da kwat.

Ranar da aka sallame shi bai yarda a biya gida ba. Olwen ta tsallake dutsen da shi, ta tsaya a mota. Ya shiga yana dogara sanduna biyu, ya rame har kwalar rigarsa na lilo. Ma'aikaciyar da ta buɗe masa ta yi murna da ganinsa, ta ce matarsa ta yi shiru kwanan nan, tana cin abinci kaɗan, kuma ba ta yarda a sa mata wata riga sai baƙa, ba su san dalili ba.

Nesta na zaune kusa da taga, hannayenta a cinya. Ya gaishe ta da harshen gida. Fuskarta ta buɗe, ta kama hannunsa da nata biyu.

"Kai ɗan gida ne. Zauna, bawan Allah, zauna. Na daɗe ban ji magana ba."

"Nesta, ni ne. Tref."

Ta dube shi da tausayi, kamar yadda ake duban wanda bai ji labari ba. "Ka san shi ashe? Ai ya rasu."

"Ban rasu ba. Faɗuwa na yi, ina asibiti. Ga ni."

"A'a, kada ka yi wasa da wannan. Ba wanda ya faɗa mini, mutanen nan ba sa magana. Ni na gane da kaina. Kullum yana zuwa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Mutum ne mai taurin kai, ba abin da ke tare shi. In yana da rai, da ya zo."

Ya sake faɗa mata. Ya kawo sunan layinsu, sunan cocin da aka ɗaura musu aure, launin ƙofar gidansu. Ta fara ja da baya a kujera, numfashinta ya yi sama, ta soma waige tana neman wanda zai fitar da wannan baƙo mai son tayar mata da mamaci. Trefor ya ga tsoro a idonta, kuma shi take tsoro. Sai ya daina ja da ita. Ya bari har ta natsu.

"Ki yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce. "Na rikice ne. Tare muka yi aiki da shi a mahaƙa."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta sake kama hannunsa. "Ka je jana'izar? An cika?"

"An cika."

"Ya sha wahala?"

"Bai sha ba. Yana hanyar zuwa wurinki ne."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta, ta ce ta san haka. Sannan ta roƙe shi, in ba zai zama nauyi ba, ya riƙa leƙo ta kullum, don ba ta da kowa yanzu. Trefor ya buɗe baki, ya tuna ranar hutun Olwen sai mako mai zuwa, ya ce mata zai zo gobe.