Sabitu da Duwatsun Murhu

Sabitu ɗan Mato, Allah ya jiƙansa, ya tafi jami'a ne don ya koyi abin da kowa a Zangon Lome yake ganin ya riga ya sani. Tun yana ƙarami aka kai shi wurin kawunsa Garuba a Aflawo, tsallaken iyaka, can ya yi boko da Turanci. Daga nan ya wuce Kumasi, ya shekara huɗu yana karatun filaye da gidaje, yadda ake auna su da yadda ake kimanta su da dokar da ke kansu.

Ranar da ya dawo ya je gaida dattawa a ƙofar masallaci. Alhaji Issifou, babban mai fataucin goro, ya ce, "To, Sabitu, likita muka samu ko lauya?"

"Baba, harkar filaye da gidaje na karanta."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. "Wato dillanci. Shekara huɗu! Ubanka Mato bai san bihim ba, amma rabin Zangon nan shi ya sama musu ɗaki."

Daga ranar ya zama Dillalin Kumasi. Shi ma bai taimaki kansa ba. Dogo ne siriri, ga laktaye a wuya ko da rana na dukan ƙwaƙwalwa, ga tef ɗin awo a aljihu. Da ya je neman auren Mariyatu, kafin a gama gaisuwa ya gaya wa mahaifinta cewa bangon zaurensa ya karkata. Gaskiya ya faɗa, amma sai da aka yi wata biyu ana ba da baki kafin aka ba shi matar. Aiki kuwa, a ofishin wani mai awon fili a unguwar Hanukope ya samu, yana kwafe taswira daga safe har la'asar. Ba ya fushi in an zolaye shi. Sai ya yi murmushi ya gyara laktayensa.

A shekarar 1977 aka rushe tsohon Zango, aka mai da mutane can arewa da gari, a Togblekope. Daji ne a lokacin. Masu awo sun yanka filaye, sun kafa gajerun duwatsun siminti a kowace kusurwa, kowane da lambarsa. Aka sauke mutane da kayansu, aka kakkafa rumfunan kwano da tabarmi. Yara na kukan yunwa, mata suka duba ko'ina ba dutsen da za a yi murhu, sai ƙasa da ciyawa. Sai ga waɗannan duwatsu masu kyau, kansu ɗaya, kamar don tukunya aka yi su. Kafin mako ya zagayo, a layin su Sabitu kowace mace ta ciri uku.

Ba wanda ya damu sai da magina suka fara haƙa harsashi. Goggo Assana, tsohuwa mai koko da ƙosai, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji, filinta ya faɗa tsakanin na Alhaji Issifou da na wani mahauci. Maginin Alhaji ya ja igiyarsa da ido, na mahauci ma ya ja tasa da ido. Da safe ta fito ta tarar abin da ya rage mata bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.

Ta sami Sabitu yana shirin tafiya aiki, ta miƙa masa takardarta da ta ƙulle a bakin zane.

"Ɗana, sun ce ranar Asabar za su zuba kankare. In suka zuba, ina zan sa kaina? Kai da aka ce ka karanta ƙasa, karanta mini tawa."

Ya dubi takardar, ya dubi tsohuwar. Ranar Laraba ce. Ya cire laktaye ya rataye a ƙusa, abin da Mariyatu ta ce ba ta taɓa gani da rana ba.

Ya je ya roƙi maigidansa aron taswirar unguwar. Amma taswira ba ta da amfani in ba dutse ko ɗaya da ke zaune inda aka kafa shi, domin daga nan ake fara awo. Sai ya shiga bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya, yana sallama, yana durƙusawa gaban murhu, yana goge baƙin tukunya da hannun rigarsa, yana karanta lamba, yana tambayar daga ina aka ciro. Mata suka samu abin dariya.

"Dillalin Kumasi, yau murhu ake sayarwa?"

"A hankali, Musye, miyar ba ta nuna ba!"

A murhun mahaifiyarsa ma ya tarar da uku. Ya ce, "Haba Inna, har da ke?"

Ta ce, "Tuwon da ka ci jiya a kan me aka tuƙa shi? Ka ci ka ƙoshi ba ka tambayi lamba ba."

Kwana biyu yana haka, ya yi baƙi ƙirin kamar maƙeri, bai sami ko ɗaya a mazauninsa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zube a bencin Kimba mai shayi, ƙafafunsa na zafi, zuciyarsa ta karaya. Kimba abokinsa ne, kuma duk Zango an shaida ba wanda ya kai shi ƙyuya. Sabitu na jiran shayi sai idonsa ya kai kan murhu. Duwatsu biyu sun karkace, na uku kuwa tsaye yake ƙyam, gindinsa a cikin ƙasa.

"Kimba, wannan daga ina ka ciro shi?"

"Ciro? Ni? Na girgiza shi sau ɗaya ya ƙi. Sai na kawo tukunyar wurinsa."

Sabitu ya rungume shi har butar shayi ta kusa kifewa. "Allah ya ƙara maka ƙyuya, Kimba!"

Daga wannan dutse ya ja tef. Kimba ya riƙe masa bakin, a zaune. Sabitu na tafe mutane na biye da shi, yana duba taswira yana kafa turke, har suka iso harsashin Alhaji Issifou. Tef ya tsallake ramin, ya wuce mita huɗu cikin inda Alhaji ya ce falonsa zai zauna. Ta gefen mahauci ma mita uku.

Sabitu ya rusuna ya ce, "Baba, ba ni na faɗa ba. Ga takarda, ga ƙasa. Naka filin yana nan cif, ta ɗaya gefen ne ka bar shi."

Alhaji ya bi tef ɗin da ƙafa, ya je ya dawo. Ya dubi Goggo Assana da ke tsaye riƙe da bakin zanenta. Sannan ya juya ga magininsa.

"Cike ramin nan. Zan je gaban Allah da filin Assana a wuyana saboda idonka?" Ya dubi Sabitu ya ce, "Kai kuma je ka wanke fuska, ka yi kama da gindin tukunya."

Mahauci da ya ga haka bai ja magana ba. Duwatsun kuwa, mata suka ce ba za su mayar ba sai an kawo musu wasu. Sabitu da kansa ya yi ta jigilar fasassun bulo a amalanke yana musanya.

Goggo Assana ta gina ɗaki biyu da rumfar koko. Sabitu ya auna wa mutanen da ba su ƙirguwa fili bayan wannan, nasa ginin kuwa bango ya kai taga ya tsaya, kullum sai baɗi. Shekara goma sha ɗaya bayan tashin Zango ciwon hanta ya kwantar da shi, bai yi wata biyu ba ya cika, ya bar Mariyatu da 'ya'ya huɗu da abokai da har yau ba su saba da rashinsa ba.

Da aka fara shawarar inda za a yi masa wanka, tunda ba a gama gidansa ba, Goggo Assana ta iso da sandarta, ba ta yi wa kowa sallama ba.

"A gidana za a wanke shi. Akwai fili."

Can aka wanke shi, daga can aka ɗauke shi. Allah ya gafarta wa Sabitu, ya sa ya huta.